Wace Shimfiɗar Iri Ta Dace da Siririn Silikon? Kwatancin Hanyoyi Biyar

Faifan silikon da ake yin yawancin allunan sola na yau da shi, kaurinsa yana tsakanin maikuromita 130 zuwa 160 (maikuromita dubu ne ke yin milimita ɗaya). Daga curin kiristal ake yanko shi, don haka atam ɗinsa a jere suke tun asali. Wanda ya ce zai bar faifai ya shimfiɗa silikon na maikuromita 2 ko 10 a kan gilashi ya rage kayan aiki ƙwarai, amma ya jawo wa kansa wata matsala: gilashi ba shi da tsari. Atam ɗin da ya sauka a kansa ba ya tarar da sahun da zai bi, sai ya zauna inda ya faɗi. Abin da ake samu shi ne silikon marar tsari, wanda lantarki ke tafiya cikinsa da kyar, kuma hasken rana kansa yake rage masa ƙarfi da tafiya ta yi tafiya, kamar yadda Staebler da Wronski suka nuna tun 1977.

Shimfiɗar iri ita ce maganin da aka samo. 'Yar siririyar shimfiɗa ce ta farko, wani lokaci nanomita 10 kacal (nanomita dubu ne ke yin maikuromita ɗaya), wani lokaci 200 ko 300, wadda aikinta shi ne ta nuna wa silikon da zai hau kanta yadda zai jeru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk abin da ya faru a nanomitocin farko yana bin shimfiɗar har sama: girman ƙwayoyin kiristal, fuskar da suka dosa, da kowane lahani da irin ya zo da shi.

Na rubuta wannan ne domin wanda ke tsaye a mararraba, ɗalibi ne mai neman hanyar da zai ɗora bincikensa a kai, ko ɗakin gwaji da ke shirin sayen na'ura. Kuma zan faɗi ra'ayina tun yanzu: abin da ya fi ruɗar masu zaɓe shi ne girman ƙwaya. Hoton manyan ƙwayoyi a madubin ƙara girma yana da daɗin kallo, amma ya sha yaudarar mutane.

Ma'aunan da za a yi awo da su

Na farko, kuma shi ke yanke hukunci kafin sauran, zafin da tushenka, wato abin da za ka shimfiɗa silikon a kansa, zai jure. Roba ba ta son a wuce digiri 200 na ma'aunin Salsiyos, wasu nau'o'inta ma ba su kai nan. Gilashin taga na yau da kullum yana fara saki idan aka haura digiri 500 da 'yan kai. Gilashin borosiliket yana ɗaukar kimanin digiri 600 na tsawon sa'o'i, amma ya fi tsada. Idan aikin ya haura digiri 1000, sai dai yumɓun masana'anta irin su alumina, ko faifan silikon kansa. Duk hanyar da zafinta ya fi ƙarfin tushenka ta fita daga lissafi, komai kyanta.

Na biyu, ingancin kiristal ɗin. Abubuwa uku ne a cikinsa, kuma ba lallai su tafi tare ba: kason shimfiɗar da ya zama kiristal, girman ƙwayoyin, da tsabtar cikin kowace ƙwaya. Alƙalin da ba ya son kai a nan shi ne boltejin da sel, wato ɓangaren allon sola da ke mayar da haske lantarki, ke bayarwa sa'ad da ba a jona shi da komai ba. Duk lahanin da ke cinye lantarkin da haske ya tayar, a wannan adadin yake bayyana.

Sauran ma'aunan su ne kuɗi da lokacin da aikin ke ci, sauƙin maimaita shi ya fito iri ɗaya, ɗorewar sel bayan shekaru a rana, da haɗarin da ke tattare da shi, ga mai aikin da kuma ga samfurin.

Kafin a shiga hanyoyin, kalma ɗaya kan awo. Na'urar Raman ce aka fi dogaro da ita. Ana haska lesa a kan shimfiɗar, sai silikon marar tsari ya ba da faffaɗan tudu a wajen 480 na ma'aunin, kiristal kuma ya ba da siririn tsini a 520. Daga girman biyun ake fitar da kason kiristal. Sai dai koren lesa ba ya shiga da nisa, saman kawai yake gani. Wanda ya auna daga sama kaɗai yana iya ganin tsini mai kyau ya yi murna, alhali ƙasan hargitse yake. Idan tushen gilashi ne, a juya samfurin a haska ta bayansa. Bambancin awo biyun nan shi ne ainihin labarin shimfiɗar iri.

Hanya ta ɗaya: irin da ake yi da yawan haidurojin a cikin filasma

Wannan ita ce ta silikon mai ƙananan kiristal, wanda ƙungiyar Arvind Shah da Johannes Meier a Neuchâtel ta ƙasar Suwizalan ta nuna a 1994 cewa ana iya yin cikakken sel da shi. Ana zuba iskar silan, wadda ke ɗauke da silikon, gauraye da haidurojin mai yawa a cikin akwatin da aka zuƙe iskarsa, a kunna filasma, wato a bi iskar da lantarki har ta farfashe, silikon ya riƙa sauka a kan tushe mai zafin kimanin digiri 200. Haidurojin ɗin shi ne mai gyara sahu. Yana kankare atam ɗin da bai zauna daidai ba, ya bar wanda ya kama da ƙarfi.

Matsalar tana farko. Idan aka kunna filasma kai tsaye da gaurin da za a yi dukan aikin da shi, nanomitoci goma-goma na farko sukan fito marasa tsari. Ana ce wa wannan shimfiɗar kwanci, domin kamar kaza ce a kan ƙwai, ana jira kiristal ya ƙyanƙyashe. Idan aka yanka samfurin aka duba gefensa a madubin lantarki, za a ga kiristal ɗin sun fara daga 'yan ɗigo a warwatse, suna buɗewa sama kamar mazurari, ba su haɗu da juna ba sai can gaba. Tsakanin mazuraran nan kuwa, silikon marar tsari ne. Abin takaicin shi ne wannan yanki yana daidai bakin mahaɗar da sel ya fi buƙatar lantarki ya wuce ba tangarɗa.

Masu bincike a cibiyar Jülich ta Jamus sun gano ɗaya daga cikin dalilan. A daƙiƙun farko bayan kunna filasma, silan da ya riga ya cika akwatin yana kwararowa cikinta, sai gaurin ya fi yadda aka saita yawa. Maganin ba ya buƙatar sabuwar na'ura. A cika akwatin da haidurojin zalla, a kunna filasma, sannan a buɗe silan a hankali. Ko kuma a fara da silan kaɗan ƙwarai na nanomita 10 zuwa 20, wannan shi ne irin, sannan a ƙara. Tun da kason kiristal yakan hau da kansa yayin da shimfiɗar ke kauri, masu iya aikin sukan ci gaba da ƙara silan kaɗan-kaɗan har ƙarshe, domin sama da ƙasa su zo daidai.

A nan ne batun "yawa ba shi ne kyau ba" ya fi fitowa fili. Sel mafi inganci ba a kashi 90 na kiristal ake samunsa ba, sai a wajen kashi 50 zuwa 70, kusa da iyakar da silikon ke komawa marar tsari. Ragowar marar tsarin nan shi ke cike tsakanin ƙwayoyi ya toshe iyakokinsu. Idan iri ya yi ƙarfi da yawa, shimfiɗar takan fito da ƙananan tsagogi, iskar oksijin ta kutsa bayan an fito da samfurin, boltejin ya faɗi. Akwai kuma haɗari ga tushen: filasmar haidurojin mai zafi tana dusashe shafen oksaid ɗin kuza da ake yi wa gilashi don ya ɗauki lantarki, shi ya sa aka fi son oksaid ɗin zink a wannan aiki.

Ƙwayoyin a nan ƙanana ne, 'yan nanomitoci goma-goma, amma haidurojin ya lulluɓe iyakokinsu, wato ya toshe lahanin da ke wurin don kada ya cinye lantarki. Cibiyar AIST ta Japan ta kai ingancin kashi 11.9 cikin 100, wato kason hasken rana da ake mayarwa lantarki, da irin wannan sel a 2017, da kaurin da bai wuce maikuromita biyu da kaɗan ba. Ta fuskar ɗorewa, haske ba ya raunana shi kamar yadda yake yi wa marar tsari. Ta fuskar kuɗi, irin kansa kusan kyauta ne ga mai na'urar filasma, 'yan mintuna ne kawai. Haɗarin da ba a wasa da shi shi ne silan, wanda ke kamawa da wuta da kansa idan ya haɗu da iska.

Hanya ta biyu: irin da alminiyum ke haifarwa

Wannan ita ce mafi ban sha'awa a kallo, kuma ita ce na fi son a yi hattara da ita. Oliver Nast da Stuart Wenham da abokan aikinsu a Jami'ar New South Wales ta Ostareliya ne suka fito da ita a 1998. Ana shimfiɗa alminiyum na kimanin nanomita 200 a kan tushe, a bar shi ya sha iska har fatar oksaid ta fito masa, sannan a ɗora silikon marar tsari wanda ya ɗan fi shi kauri. Sai a saka a tanderu, tsakanin digiri 400 zuwa 550, wato ƙasa da digiri 577 inda gaurin alminiyum da silikon ke narkewa.

Abin da ke biyo baya, wanda ya leƙa ta bayan gilashin yana iya ganinsa da madubi. Da farko fari ne fat, ƙyallin alminiyum. Can sai wani baƙin ɗigo ya bayyana, sai wani can nesa. Ɗigon nan silikon ne da ya ratsa fatar oksaid ya narke cikin alminiyum, ya kuma fara daskarewa a matsayin kiristal. Suna ta faɗaɗa suna ture alminiyum sama, har gefunansu su haɗu. A ƙarshe shimfiɗun biyu sun yi musayar wuri, silikon mai tsari a ƙasa, alminiyum a sama, sai a wanke shi da asid. Ƙwayoyin sukan kai maikuromita 10 ko fiye, wato sun ninka na hanya ta ɗaya sau ɗaruruwa. Idan aka rage zafin tanderu, ɗigon da ke tsirowa sukan ragu, kowanne ya sami fili ya girma, amma sa'o'in jira su ƙaru.

Irin da aka samu cike yake da alminiyum, ba zai iya zama mai shan haske da kansa ba. Dole a gina wani silikon a kansa wanda zai bi sahunsa atam bayan atam. A nan ne wahalar take. Kafin gini, sai an kankare tsibiran silikon da suka rage a saman irin, a kuma tsabtace shi sarai, don ɗan datti kaɗan ya isa ya ɓata jerin. Ginin kuma yana son zafi. Cibiyar IMEC ta Beljiyam ta yi shi a digiri 1130 a kan alumina, ta sami kashi 8 cikin 100 a 2007. A birnin Balin na Jamus an daɗe ana gwada ginin a zafin da gilashi zai jure, sakamakon bai kai wannan ba.

Me ya sa ƙwayoyi masu girma haka suka kasa kamo ƙananan ƙwayoyin hanya ta ɗaya? Masu binciken IMEC da kansu sun ba da amsa. Da suka jiƙa samfurin a sinadarin da ke fito da lahani fili, sun tarar da kimanin lahani biliyan ɗaya a kowane murabba'in santimita, a cikin ƙwayoyin, ba a iyakokinsu ba. Irin ne ya haife su, ginin sama kuma ya kwafe su da aminci. Ƙwayar babba ce a ido, amma ga lantarkin da ke tafiya cikinta, ba ya yin nisa sai ya faɗa rami. Shi ya sa boltejin ya maƙale a ɗan sama da milibolt 500.

Kayan yin irin ba su da tsada, na'urar turara ƙarfe da tanderu sun isa. Tsadar tana wajen gini. Maimaitawa kuma tana da wuya, domin fatar oksaid ɗin nan, wadda ba ta wuce 'yan nanomitoci ba, ita ke iko da komai, kuma kaurinta yana canzawa da tsawon lokacin da alminiyum ya sha iska da danshin ɗakin.

Akwai 'yar'uwar wannan hanya da ake yi da nikel, wanda gaurinsa da silikon ya kusa dacewa da jerin atam ɗin silikon ƙwarai. Ta yi amfani a transistocin allon nuni. Ga sel ɗin sola kuwa ban ba da shawararta ba, don nikel ɗin da ya saura a ciki guba ne ga lantarkin da haske ke tayarwa.

Hanya ta uku: gashin tanderu, da shimfiɗar fosfaras a matsayin iri

Ana shimfiɗa dukan sel ɗin a matsayin marar tsari, a gasa shi a kimanin digiri 600 na tsawon yini guda ko kusa da haka, ya rikiɗe zuwa kiristal ba tare da ya narke ba. Irin a nan shi ne shimfiɗar ƙasa mai fosfaras da yawa, wadda ake so kiristal ya fara tsirowa daga gare ta ya hau sama, maimakon ya tsiro barkatai ko'ina. Kamfanin Sanyo ya kai kashi 9.2 da wannan dabara a 1996. Kamfanin CSG Solar, wanda fasaharsa ta fito daga Ostareliya, ya kafa masana'anta a Thalheim ta Jamus, ya kuma nuna ƙaramin allo mai kashi 10.4 a 2007.

Ƙwayoyin sukan kai maikuromita ɗaya zuwa biyu, cike da lahani, don haka sai an ƙara gajeren gashi a wajen digiri 900, sannan a yi musu wanka da filasmar haidurojin. Duk da haka boltejin bai wuce wajen milibolt 500 ba. Abin yabonta shi ne sauƙi da ɗorewa. Ba ƙarfen da zai gurɓata silikon, ana iya cika tanderu da gilasai da yawa a lokaci guda, kuma sel ɗin ba ya sauyawa a rana. Amma rufinta, wato iyakar ingancin da za ta iya kaiwa, a ƙasa yake, an kuma riga an taɓo shi. Masana'antar ta tsaya bayan 'yan shekaru, sa'ad da farashin allunan faifai ya karye.

Hanya ta huɗu: narkarwa da lesa

Silikon yana narkewa a digiri 1414, zafin da babu gilashin da zai jure na tsawon lokaci. Dabarar ita ce kada a ba shi lokacin. Ana mayar da hasken lesa siririn layi, a ja shi a kan shimfiɗar. Inda layin yake silikon ya narke, da ya wuce ya daskare, gilashin kuma samansa kawai ya ji zafin. Abin da ya daskare a baya shi ne irin abin da ke narke a gaba, wato shimfiɗar tana yi wa kanta iri tana tafe.

Da farko a Jena ta Jamus an yi amfani da lesa ne a yi siririn iri mai manyan ƙwayoyi, sannan a gina a kansa. Daga baya aka ga cewa gara a narkar da dukan kaurin gaba ɗaya, maikuromita 5 zuwa 40, a huta da matakin gini da lahaninsa. Ƙwayoyin da ke fitowa ana ganinsu da ido ƙuru-ƙuru, dogaye a bin hanyar da lesa ta bi, faɗinsu ya kai milimita, tsawonsu santimita. Cibiyar Helmholtz ta Balin ta kai kashi 14.2 a 2018 da silikon da kaurinsa bai kai maikuromita 15 ba, da boltejin da ya haura milibolt 650. Ka kwatanta wannan adadi da 500 na hanyoyi biyun da suka gabata. Nan ne girman ƙwaya da tsabtarta suka zo tare a karon farko a kan gilashi.

Nauyin da iri ke ɗauka a sauran hanyoyi, a nan ya koma kan shimfiɗar da ke tsakanin gilashi da silikon, wadda akan yi da oksaid da naitirayid na silikon a jere. Aiki huɗu take yi lokaci guda: ta riƙe narkakken silikon kada ya dunƙule ya zama ɗigo-ɗigo kamar ruwa a kan mai, ta tare dattin gilashi kada ya hau, ta rage hasken da ke komawa baya, ta kuma lulluɓe fuskar silikon ta ƙasa, wadda ba za a sake isa gare ta ba har abada. Idan ta gaza a ɗaya, samfurin ya tafi. Sauran haɗarin su ne tsagewar silikon ko gilashi wajen hucewa, shi ya sa ake ɗumama tushen zuwa ɗaruruwan digiri kafin a ja lesar, da kuma ita lesar kanta, mai ƙarfin da zai makantar nan take. Kuɗin farawa yana da nauyi, kuma har yanzu ba ta zama sana'ar masana'anta ba. Ɗorewar kiristal ɗin kuwa irin ta faifai ce.

Hanya ta biyar: aron iri daga faifai

Idan mafi kyawun iri ake nema, babu kamar kiristal guda. Ana ɗaukar faifan silikon, a saka shi cikin asid ɗin haidurofulorik a bi da lantarki, samansa ya zama mai huji-huji kamar soso, hawa biyu: na sama mai ƙananan huji, na ƙasa mai manya. A gasa shi cikin haidurojin a wajen digiri 1100, sai na saman ya rufe ya zama santsi, ya zama iri, na ƙasan kuma ya raunana. A gina silikon a kai, sannan a ɓamɓare shi daga inda ya raunana, a wanke faifan a sake amfani da shi sau da dama.

Cibiyar ISFH ta Jamus ta sami kashi 19.1 a 2012 da kaurin maikuromita 43, kamfanin Solexel na Amurka kuma ya kai kashi 21.2 a 2014 da maikuromita 35. Babu iyakokin ƙwaya, domin ƙwayar ɗaya ce. Sai dai ya kamata a faɗi gaskiya, wannan ta fi kusa da siririn faifai fiye da shimfiɗa a kan gilashi. Girman sel ba zai wuce girman faifan uwa ba, abin da aka ɓamɓaro yana karyewa da ɗan kuskure, asid ɗin yana ratsa fata ya kai ga ƙashi, tanderun ginin kuma yana da tsada. Solexel ɗin ma, duk da wannan sakamako, bai ɗore a kasuwa ba.

A taƙaice a tebur

| Hanya | Zafi mafi girma | Girman ƙwaya | Ingancin da aka nuna | Kuɗi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Haidurojin a filasma | kimanin 200 | nanomita goma-goma | 11.9% | kaɗan ga mai na'ura | tsagogi, silan |
| Alminiyum da gini | 400–550, gini har 1130 | maikuromita 10 ko fiye | 8% | iri araha, gini tsada | lahani cikin ƙwaya |
| Gashin tanderu | 600, da ɗan 900 | maikuromita 1–2 | 10.4% | matsakaici, lokaci mai tsawo | ƙarancin bolteji |
| Narkarwa da lesa | 1414 na ɗan lokaci | milimita zuwa santimita | 14.2% | mai yawa | dunƙulewa, tsagewa |
| Aro daga faifai | kimanin 1100 | kiristal guda | 21.2% | mafi yawa | karyewa, asid |

A lura cewa adadin ingancin ba a kan sel masu girma ɗaya aka auna su ba, wasu na santimita guda ne, wani ƙaramin allo ne, kuma kaurinsu ya bambanta sosai. Su nuna maka tsayin rufin kowace hanya, kada ka ɗauke su gasar tsere.

Wace ce taka?

Idan tushenka roba ne, ko gilashin taga, zaɓin ya riga ya zaɓi kansa. Hanya ta ɗaya ce kaɗai za ta bar tushen da rai. Haka ma idan sel mai hawa biyu kake nufi, marar tsari a sama yana shan shuɗin haske, mai ƙananan kiristal a ƙasa yana shan ja.

Idan burinka mafi kyawun silikon a kan gilashi ne kuma kana da kuɗin lesa da haƙurin gyara shimfiɗar tsakani, tafi hanya ta huɗu. Ita ce na ga tana da sauran fili a gabanta, da tambayoyin da ba a gama amsawa ba.

Idan inganci ne gaba da komai, kuma ba ka damu da faɗin allo ba, misali sel marar nauyi ko mai lanƙwasa ga wata buƙata ta musamman, aro daga faifai ya fi.

Hanyar alminiyum zan miƙa ta ga mai son fahimtar yadda kiristal ke tsirowa, ko ɗakin gwajin da tanderu da na'urar turara ƙarfe ne kawai hannun jarinsa. Makaranta ce mai kyau, kuma irin da take bayarwa yana da amfani a matsayin shimfiɗa mai ɗaukar lantarki. Amma wanda ya shige ta da niyyar karya tarihin inganci, ya fara da ƙirga lahanin cikin ƙwaya tun makon farko, kafin ya kashe shekara yana ƙara musu girma. Gashin tanderu kuwa ya dace da mai son samfurin da zai riƙa kwatanta sauran da shi, abin da zai fito iri ɗaya kowane lokaci.

Saura mutum guda da ban ambata ba, kuma mai yiwuwa shi ne mafi yawa a yau. Masana'antun siririn silikon sun ja baya tun bayan 2010, amma ilimin hanya ta ɗaya ya sami sabon gida a sel ɗin faifai mai mahaɗar gauraye, inda ake lulluɓe faifan da siririn silikon marar tsari, sannan a ɗora shimfiɗa mai ƙananan kiristal ta nanomita 10 zuwa 20. Da irin wannan shimfiɗa kamfanin LONGi na ƙasar Sin ya kai kashi 26.81 a 2022. A wannan kauri babu sararin kwanci ko kaɗan, idan kiristal bai tsiro a nanomitocin farko ba, shimfiɗar ta ƙare kafin ya fara. Kuma ana so ya tsiro ba tare da haidurojin ya huda lulluɓin da ke ƙasa ya taɓa faifan ba. Masu wannan aiki sukan ɗan shafi lulluɓin da gajeriyar filasmar iskar kabon dayoksaid, ko su sa iri marar gauri na 'yan nanomitoci, kafin su buɗe iskar boron ko fosfaras, musamman boron, wanda ke danne tsirowar kiristal. Idan nan ka dosa, fara da jerin samfura a kan gilashi mai lulluɓi iri ɗaya da na sel ɗin, ka riƙa canza kaurin irin kaɗai, ka auna kowanne da Raman da kuma yadda yake ɗaukar lantarki, sannan ka kai mafi kyawun biyu ko uku kan faifai ka duba ko lulluɓin ya tsira.